Wasiƙa zuwa ga aminina a Fatakwal

Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya baƙunta? Mu nan sai godiya, damina ta fara bankwana, makarantu kuma sun koma. Inna ta ce in tambaye ka ko ƙafarka ta manta hanyar Ƙofar Doka ne.

Maganar lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibaina da na fara yi maka a waya ce ta sa na ɗauki biro, don ba ta kati ba ce. Ka san ina koyar da Hausa a aji biyu na ƙaramar sakandare, yara 'yan shekara 12 zuwa 14. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori kafin shekara 14 suke somawa. To, ka tuna cunkoson ajinmu, ka yi lissafin da kanka. Amma mu sai mutum ya fita tsirara yana tsince-tsince a Kasuwar Sabon Gari muke yarda ba shi da lafiya. Yaron da ya daina magana miskili ne, wanda ya daina cin abinci sangarta ce, yarinyar da ta faɗi tana kuka kuwa aljanu ne, shi ke nan.

Ɗan Bahaushe ba zai tsaya gaban malami ya ce zuciyarsa na ƙunci ba. Kunya ba za ta bar shi ba, tsoron dariyar abokai ma haka. Amma ka ba shi wani yaro a cikin labari, sai bakinsa ya buɗe.

A zangon da ya wuce muna karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da aka shirya a nan Zariya. Da muka zo inda aka sace Umar yana ƙarami, sai na rufe littafin na ce, "Daren farko da ya kwana ba uwarsa, me kuke jin ya same shi?" Aka yi ta amsa, wannan ya ce kuka, wancan ya ce yunwa. Can sai wani yaro a bencin baya, wanda ban taɓa jin muryarsa ba sai wajen kiran suna, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, ba zai yi barci ba. Ko akuya ta taɓa ƙyaure sai ya zabura. In an ba shi tuwo ba zai ji ɗanɗano ba. Kuma in ya ji ƙarar babur, cikinsa zai juya."

Babu babur a zamanin Shaihu Umar, aminina. Ajin ya yi tsit, ba wanda ya yi dariya. Daga baya na samu labarin 'yan bindiga ne suka taso su daga ƙauyensu, shi da mahaifiyarsa suna zaune gidan kawunsa. Ban ce masa komai a gaban yara ba. Na dai ce wa ajin duka abin da ya lissafa yana samun mutumin da ya ga tashin hankali, ba ragwanci ba ne, kuma ana samun sauƙinsa.

Tun daga nan, in mun gama babi sai in ce kowa ya rubuta wa wani na cikin labarin wasiƙa, ba suna, a jefa a kwali. Ba na sa musu jan biro, ba na ba da maki. Wata ta rubuta wa mahaifiyar Umar, wadda ta sha wahalar nemansa ta rasu jim kaɗan bayan sun haɗu, tana tambayarta ko ita ma ta taɓa jin gara ta kwanta kada ta farka. Wannan ban bari ta kwana ba. Na gane rubutun, na kai wa malamar da ke ba ɗalibai shawara, ita ta zauna da yarinyar da uwarta. Ni ba likita ba ne, kuma malamin da ya buɗe irin wannan ƙofa bai san inda zai miƙa yaro ba, cutarwa ya yi. Asibitin koyarwa na Shika yana da sashen masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Doka ma ta sauya: a farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958. Sai dai har yanzu ban ga inuwarta a ajinmu ba.

Wani dattijo ya zo har makaranta ransa a ɓace, wai muna koya wa 'ya'yansu rashin tawakkali. Na ba shi kujera, na ce, "Baba, ai a Suratu Yusuf an faɗa mana Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma ba a ce imaninsa ya ragu ba. Addu'a muna yi, magani ma a nema." Bai ce ya yarda ba, amma ya bar ɗansa a ajin.

Abin da ya dame ni yanzu ƙarancin labarai ne. Muna bukatar gajeru, cikin Hausa mai sauƙi, a kan yaron da aka saki uwarsa, da wanda abokai suka ja shi ga shan kodin, da mai faɗuwar gaba in jarrabawa ta matso. Kai da ka iya shirya labari tun muna Kongo a nan Zariya, don Allah ka rubuto mini ko biyu. Ranar 10 ga Oktoba ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, ina so yaran su mai da ɗaya wasan kwaikwayo a gaban iyaye, don haka kada ka wuce ƙarshen watan nan.

Ka gaishe mini da amarya da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka amini.