Rabi, kin san abin da Karev ya yi kuwa?

Assalamu alaikum ƙawalli,

Ya Yawunde, ya su Ummi da babansu? Ke dai ba ki da kirki wallahi, tun bikin Zulai ko bip ba ki min ba, da ma na rantse ba zan fara nemanki ba, amma abin da na gani daren jiya ya fi ƙarfin fushina, dole sai na amayar da shi kuma duk Garwa ba mai fahimta sai ke.

Na kai sezon 16 na Grey's Anatomy, shirin likitocin nan na Amurka. Alex Karev ya tafi Rabi! Ba mutuwa ya yi ba, da mutuwar ce ma da na haƙura kamar yadda na haƙura da George da mota ta take shi. Wasiƙu ya aiko, ɗaya wa Meredith, ɗaya wa Bailey, ɗaya wa matarsa Jo, ita har da takardar saki ya sa hannu a ciki. Wai ya koma wurin tsohuwar matarsa Izzie a wata gona a Kansas, ashe tana da tagwayensa daga ƙwan nan da aka adana lokacin da take fama da ciwon daji. Izzie fa, wadda ta gudu ta bar shi tun sezon 6. Ko a unguwarmu namiji ya aiko da saki ta hannun yaro sai an yi wata ana tsine masa, balle wannan.

Abin da ya fi ƙona min rai, tun 2005 ake gina yaron nan a hankali. Ya fara da rashin kunya da raina mutane, daga baya muka gane uban ɗan ƙwaya ne mai duka, uwar kuma tana da taɓin hankali, shi ya riƙe ƙannensa. Dokta Arizona ta ja shi ya zama likitan tiyatar yara, har yara marasa lafiya ya ɗauko daga Afirka aka yi musu aiki. Mutumin da ya san zafin a gudu a bar ka, shi za a ce ya yi wa Jo haka, Jo da uwarta ta yar tana jaririya? Na san mai fitowa a Karev ɗin, Justin Chambers, shi ya bar shirin a 2020, to sai me, marubutan ba su da wata dabara ne?

Na san me za ki ce, ai ke tunda Dokta Mamur ɗinki, wato Derek, ya mutu kika daina kallo. Mutumin da ya ɓoye wa Meredith yana da mata sai da matar tasa Addison ta diro asibitin da kanta, gashi kawai gare shi da murmushi. Ni har gobe Bailey ce tawa, gajeruwa mai masifa, sak Anti Laure in tana rabon aikin biki. Cristina kuma ta fi su hannu duka, tun da ta koma Zurich shirin ya rage gishiri.

Matar Yaya Sani kan zauna ta kalla da ni in ba ta da aikin dare, ita dariya kawai take, wai ina aka taɓa ganin babban likita yana tura gadon mara lafiya da kansa yana ɗibar jini, nas fa ina suke? Ta ce a wurinsu kafin a taɓa ka sai danginka sun sayo safar hannu da sirinji, waɗannan kuma suna cikin lif suna soyayya.

Af, Balaraba ta haihu, namiji, kuma kishiyar ce ta yi mata zaman asibiti, ki ji ikon Allah. Zafi kam ba a magana, Binuwai ya ja baya sosai, wuta kuma sai ta ga dama, a waya nake ƙarasa kallon ina fifita.

Akwai abin da Inna ta ce in tambaye ki kan atamfar nan, ya shige min, sai ta dawo daga Marwa. Ki gaida Malam, ki ce kilishinsa na nan tafe in an samu mai zuwa Ngaundare ya hau jirgin ƙasa. Kuma ko a wurin wa kika ji yadda Jo ta ƙare, kada ki kuskura ki faɗa min.

Taki,
Hadiza