Rahoton ayyukan kungiya na bana: fadakar da daliban sakandare kan kazuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, ya iyali, ya kuma sanyin Jos.

Kamar yadda muka tsayar a taron farkon shekara, bana kazuwa muka sa a gaba, mun zaga sakandare a bangaren Bauchi Road, Gangare, Rikkos har Bukuru, mun fi ba makarantun kwana karfi. Rabon litattafai da sharar unguwa an yi su kamar kullum, ba sai mun ja zancen ba.

Kusan ko'ina labarin daya ne, yara sun dauka kazuwa ciwon kazamai ne, sai yaro ya boye hannu cikin rigar sanyi ya kwana yana susa ya ki fada wa kowa. Nas dinmu ta nuna musu cewa wani dan mitsitsin kwaro ne, macen ke huda fata ta yi kwai a ciki, tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, kugu, kuma mai tsafta ma yana dauka in dai ana hada jiki ko bargo, to a garin nan da hunturu wa zai hana yara cusuwa gado daya? Abin da ya fi ba malamai mamaki shi ne wanda ya kamu karon farko sai ya yi sati 4 zuwa 6 bai ji kaikayi ba alhali yana ta rabawa. Shi ya sa muka nace, in za a yi magani a yi wa daki gaba daya rana daya, maida yaro guda gida asarar kudin mota ne kawai.

Man permethrin ko benzyl benzoate ake shafawa daga wuya har tafin kafa bisa shawarar ma'aikacin lafiya, ba hadin kemis ba, balle bakin mai da muka ji wasu na shafawa, subhanallah. Kaya a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, wanda ba ya wankuwa a daure a leda sati guda tunda kwaron ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 in babu jikin mutum. Kaikayin kan dan jima bayan magani, kar a tsorata, amma in wurin ya fara ruwa a tafi asibiti don gyambon yana iya taba koda.

Wani firinsifal ya hana mu shiga wai za mu bata wa makarantarsa suna, mun gaya masa tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kazuwa cikin cututtukan da aka yi watsi da su, mutum sama da miliyan 200 ke dauke da ita a duniya, bai saurara ba. Za mu koma ta hannun iyayen yara.

Badi in Allah ya kai mu da masu kula da dakunan kwana za mu fara, sai makarantun allo. Masu bashin kudin wata don Allah a ga ma'aji kafin taro na gaba, asusu ya yi kasa sosai.

Sakatare