Wasiƙa Daga Gusau: Kada Kiɗa Ya Yi Tuntuɓe Wajen Shiga Amshi

Gusau,
Jihar Zamfara.

Assalamu alaikum, abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya iyali, ya kuma zaman baƙunta? Saƙonka ya iso, kuma na gane damuwarka: mawaƙi yana tsaka da amshi a wajen biki, wani alhaji ya fito liƙi, dole a ja amshin, amma da ka taɓa kwamfuta sai kiɗan ya yi tuntuɓe.

Laifin na hannu ne. Yatsa ba ya faɗawa daidai kan bugun farko, don haka ka bar wa manhajar haɗa kiɗa wannan aikin.

Fara da lissafi. A gudun bugu 120 a minti, awon 4/4, kowace gaɓa mai bugu huɗu daƙiƙa 2 ce, amshi mai gaɓa 8 kuma daƙiƙa 16. Ka yanka baiti da amshi a kan layin gaɓa, ba inda kunne ya ji daɗi ba. In kuwa kiɗan irin tafiyar kalangu ce ta 6/8, ka gyara awon tun kafin ka ɗora komai. Wanda ya bar shi a 4/4, layukansa za su saɓa da kiɗan, duk tsallen da ya yi tsakiyar bugu zai faɗa.

A manhajar Ableton Live abin ya fi sauƙi. Danna Ctrl+9, sai duk umarnin da ka bayar ya jira farkon gaɓa ta gaba. Ko ka danna da wuri, zai dakata. Ctrl+0 ke kashe wannan jiran, ka guji danna shi a gaban jama'a. Sa alama a bakin kowane sashe, danna Ctrl+K, ka ɗaura su a kan maɓallan 1, 2, 3: shimfiɗa, baiti, amshi. Muddin kuɗi na zuba, kai dai ka riƙa danna 3 a cikin gaɓar ƙarshe.

In manhajar FL Studio kake, duba sama tukuna. Maɓallin L ke juya ka tsakanin Pat (mai maimaita guntu ɗaya) da Song (mai kunna dukan waƙa), kuma mutane da yawa da ke kukan waƙa ta ƙi gaba, a Pat suke zaune. Alt+T ke dasa alama, danna ta da hannun dama ka zaɓi aikinta: ta maimaita, ta tsallake, ko ta tsaya. Mai tsayawar tana da amfani lokacin da sanƙira zai yi shela.

Ga inda ƙwararru ma ke faɗuwa. 'Yan amshinmu ba kasafai suke jiran bugun farko ba, sukan riga shi da rabin bugu ko fiye. In ka ɗauki muryarsu haka, ka yi tsalle zuwa layin gaɓa, farkon kalmar ya tafi, sai a ji "rya" maimakon "amarya". Ka yanko wannan ɗan guntun, ka manna shi a wutsiyar baiti, ka sake manna wani a wutsiyar amshin kansa domin ya yi aiki in an zagayo.

Ƙarar "ƙas" da kake ji a mahaɗa kuwa, sautin ne aka datse yana tsakiyar kaɗawa. Lafar da bakinsa na kamar milisakan 5, ya isa. Amon murya shi ma kada ka gasa shi cikin fayil, bar shi a layinsa daban ya ƙetara cikin sashe na gaba.

Jinkiri kuma daga bafa yake, wato yawan ƙwayoyin sauti da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar. Bafa 1024 a kan ƙwayoyi 44,100 a daƙiƙa kusan milisakan 23 ne, 256 bai kai 6 ba. Ka yi aiki da ASIO, direban sauti mai rage jinkiri, ka fara da 256, in ta soma karce ka hau 512. Ka tabbata caja na jiki, domin laftof kan rage ƙarfi in ta koma batir, janareton gidan biki kuwa ka san halinsa.

Ka gwada wannan a ɗaki kafin Asabar, ka turo mini abin da ya fito. A gaida Hajiya da yara.

Naka,
Abokinka na Gusau.