Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai tambaya: ina miliyoyin 'yan poka suke tafiya?

Malam, bayan gaisuwa. Ka jefo mini tambaya a bainar jama'a, ka ce yaya za a yi a ce mutum ya ci miliyoyin daloli a gasar kartar poka, shekara na zagayowa kuma a ji yana neman rance? Ka ƙara da cewa ko dai ƙarya suke yi. Ba ƙarya ba ce. Adadin da ake shelantawa kuɗin da aka miƙa wa mutum ne, ba ribarsa ba, kuma tsakanin biyun akwai tafiya mai nisa.

Mu ɗauki babbar gasar World Series of Poker da ake yi a Las Vegas ta Amurka tun 1970. Kuɗin shiga dala 10,000 ne. A 2023 mutum 10,043 suka shiga, aka tara ladan dala 93,399,900. In ka raba za ka ga dala 9,300 ce daga kowane mutum ta shiga tukunya, 700 ta tafi la'adar masu gida da ma'aikata. Kusan kashi 15 cikin ɗari ne kawai ke samun wani abu, sauran su tashi hannu rabbana. Mafi ƙarancin lada dala 15,000 ne, wato ribar 5,000 bayan kwanaki ana zaune. Daniel Weinman da ya zo na ɗaya shi kaɗai ya ɗauki miliyan 12.1. Kuɗin a sama yake cunkushe, saboda haka ɗan wasa na iya shiga sahun masu lada sau da yawa a shekara amma ya ƙare da asara, muddin bai kai teburin ƙarshe ba.

Ga kuma abin da ƙwarewa ba ta iya hanawa. A gasa ana ƙara zubin dole, wato abin da ake tilasta wa 'yan wasa su zuba kafin a raba kati, lokaci bayan lokaci, don haka ba mai iya naɗe hannu yana jiran kati mai kyau har abada. Dole wata rana ya tura duk abin da ke gabansa. Katin As biyu, hannun farawa da ya fi kowanne ƙarfi, yana doke katin Sarki biyu kusan sau 82 cikin ɗari. A ido kamar tabbas ne. Amma wanda zai tsallake irin wannan karo sau biyar a jere, damarsa ta sauko kusan 37 cikin ɗari, kuma gasa mai dubban mutane ta fi ƙarfin karo biyar. Gwanin da ke samun lada a gasa ɗaya cikin biyar, yiwuwar ya yi goma a jere ba ko sisi ta haura kashi 10 cikin ɗari. Shi ya sa masu harkar ke cewa kada jarin mutum ya gaza ninki ɗari na kuɗin shiga, a gasa mai cunkoso ma ɗari biyu ko uku. Mai son buga ta dala 10,000 da aljihunsa yana bukatar aƙalla miliyan ɗaya a ajiye. Kaɗan ne ke da ita.

To da kuɗin wa suke bugawa? Nan ne amsar tambayarka take. Wasu sayar da kaso suke yi. Mutum ya sayar da rabin kujerarsa da ɗan ƙari a kai, a ce dala 6,000 maimakon 5,000, shi ya cika 4,000. In ya ci, rabi na masu saye ne. Wasu kuma uban gida ne ke biya musu komai a raba riba biyu, amma da sharaɗi mai nauyi: duk asarar baya sai an cike ta kafin a yi rabo. Wanda asararsa ta taru ta kai dala 200,000, ya zo ya ci 250,000, ribar da za a raba 50,000 ce, nasa 25,000. Jarida kuwa 250,000 za ta buga. Akwai kuma musayar kaso tsakanin abokai, biyar nawa biyar naka, wanda ke rage zafin faɗuwa amma yana gutsure nasara. Ko Stu Ungar, da ya ci babbar gasar a 1980 da 1981, wani ɗan poka mai suna Billy Baxter ne ya biya masa kuɗin shiga a 1997, ya sake ci, suka raba ladan dala miliyan ɗaya gida biyu.

Sai haraji, wanda Amurka ke cire kashi 30 cikin ɗari daga baƙon da ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da ita. Sai jirgi da otal don bin gasanni daga Barcelona zuwa Prague zuwa Monte Carlo, waɗanda ake biya ko an ci ko an faɗi. Hendon Mob, rumbun sakamakon gasannin poka a intanet da kowa ke kafa hujja da shi, yana lissafa abin da aka ci ne kawai, ba ya cire kuɗin shiga. Shahararren ɗan poka Daniel Negreanu na cikin 'yan kaɗan da ke bayyana lissafinsu: a 2017 ya karɓi kusan dala miliyan 2.8 amma ya rufe shekara da asara, a 2023 kuma asararsa ta haura miliyan 2.

Duk wannan lissafi ne. Abin da ya fi karya su, a ganina, hali ne. In faɗuwa ta yi tsawo sai zuciya ta hau, mutum ya koma gasar da ta fi ƙarfin jarinsa don ya fanshe a dare ɗaya, ko ya riƙa sake sayen kujera sau uku, sau huɗu a gasar da ta yarda da haka. In kuma babbar nasara ta zo, sai ya ɗauka haka za a ci gaba, ya faɗaɗa rayuwa, ya kai kuɗin cacar wasanni ko teburan da gidan caca ne ke da rinjaye a kansu. Ungar, da ake sawa cikin mafiya hazaƙa da aka taɓa gani, caca a kan wasanni da miyagun ƙwayoyi ne suka cinye dukiyarsa. An tsinci gawarsa a wani ƙaramin otal a Las Vegas a watan Nuwamban 1998, yana da shekara 45, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan nasararsa ta uku.

Wassalam.