Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Mai Shirin Karatu a Birtaniya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ya kai ɗana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan gida, na sami saƙonka game da niyyarka ta neman gurbin digiri na biyu a Birtaniya idan ka kammala hidimar ƙasa. Ni da mahaifiyarka mun yi shawara, mun amince, kuma mun sa maka albarka. Sai dai akwai magana ɗaya a cikin saƙon da ba ta kwanta mini a rai ba, wato batun ejan ɗin da abokanka suka haɗa ka da shi, wanda ya yi alkawarin samo maka sakamakon IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewa a Turanci, ba tare da ka shiga ɗakin jarrabawa ba. Ina umartarka da ka rabu da shi tun yau, ko da ka riga ka ba shi kafin alƙalami, kuma zan faɗa maka dalilina domin ka bi umarnin da fahimta.

Jami'o'in can suna neman wannan jarrabawa ne domin su tabbatar cewa ɗalibi zai iya zama a aji ya fahimci malamin da ke magana da sauri, ya karanta littattafai masu nauyi, ya kuma rubuta kundi da hannunsa cikin shekara guda, domin yawancin digiri na biyu a can shekara ɗaya ake yin sa. Sassan jarrabawar huɗu ne: saurare, karatu, rubutu da magana, kuma maki mafi girma shi ne 9. Saurare yana ɗaukar kimanin minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunna maka muryar, ba a maimaitawa. Karatu awa ɗaya ne da tambayoyi 40. Rubutu ma awa ɗaya ne, inda za ka yi aiki biyu, na farko aƙalla kalmomi 150 kana bayanin wani jadawali ko zane, na biyu aƙalla kalmomi 250 kana kare ra'ayinka da hujja. Magana kuwa hira ce da mai jarrabawa ta minti 11 zuwa 14. Jami'o'i da yawa suna neman jimillar maki 6.5, tare da sharaɗin kada wani sashe ya gaza 6.0, kuma sakamakon yana aiki ne na shekara biyu kawai, saboda haka kada ka yi gaggawar rubuta ta tun lokaci bai yi ba. Ka kula ka yi rajistar nau'in da ake kira Academic, domin shi ne na masu neman shiga jami'a.

Na san ka da ƙoƙari a karatu da rubutu tun kana sakandare, amma ina jiye maka sashen saurare, domin Turancin da kunnenka ya saba da shi na malamanmu ne, kuma za ka ji lafazin mutanen Ingila da na Ostareliya da na Amurka. Maganin wannan shi ne ka riƙa sauraren shirye-shiryen rediyo na Turanci kullum har kunnenka ya faɗa, sannan ka nemi tambayoyin gwaji da hukumar British Council take sakawa kyauta a intanet, ka ajiye agogo a gabanka ka amsa su cikin lokacin da aka ƙayyade. A sashen magana kada ka haddace amsa, domin masu jarrabawar sun ƙware wajen gane hadda, kuma kada ka matsa wa kanka sai ka kwaikwayi lafazin Bature. Abin da ake so shi ne a ji ka sarai, kuma maganarka ta kasance da tsari. Kafin ka biya kuɗin rajista ma, ka aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai na kowace jami'a tambaya, domin da dama daga cikinsu suna karɓar sakamakon Turanci na WAEC daga 'yan Nijeriya idan ya kai C6 ko sama da haka.

Yanzu ga abin da ya sa na tsananta a kan ejan ɗin nan. Jami'o'i suna da hanyar tantance sakamakon IELTS kai tsaye daga masu shirya jarrabawar, don haka takardar bogi ba ta da wuyar ganewa, kuma wanda hukumar shige da fice ta Birtaniya ta kama da yaudara a takardun biza yana iya fuskantar haramcin shiga ƙasar na shekara 10. A shekarar 2014 wani binciken BBC ya bankaɗo maguɗi a wasu cibiyoyin TOEIC, wata jarrabawar Turanci ta daban, a Landan, kuma bayan haka gwamnati ta soke bizar dubban ɗalibai, har da waɗanda suka shafe shekaru a kotu suna neman wanke sunansu. Ko da a ce takardar ta wuce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ranar da malami ya ba ka aikin rubutu na dubban kalmomi, ejan ba ya nan. Sama da duka wannan, ba na so a kafa iliminka da abincin da za ka ci da shi nan gaba a kan algus, domin Allah yana gani ko da jami'a ba ta gani ba.

Batun kuɗi ma ina so ka riƙe shi da hannunka. Idan jami'a ta ɗauke ka za ta ba ka lambar shaida da ake kira CAS, wadda da ita ake neman biza, kuma dole ne ka nuna cewa ragowar kuɗin makaranta da kuɗin zama na wata tara sun kwana 28 a jere a cikin asusu ba tare da sun ragu ba. Akwai gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, akwai kuma harajin kiwon lafiya da ake biya tun kafin tafiya. Kada ka karɓi kuɗin aro na ɗan lokaci a zuba maka a asusu don a rufe ido, kuma kada ka yi lissafin cewa aiki zai biya maka makaranta, domin awa 20 kacal doka ta yarda ɗalibi ya yi a mako lokacin zangon karatu. Ka tuna yadda faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta jefa ɗalibanmu cikin ƙunci, har a 2024 aka dakatar da wasu a wata jami'a da ke arewacin Ingila saboda sun kasa cika kuɗin zango. Shi ya sa nake so ka fara da neman tallafi: na Commonwealth, da na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Nijeriya, idan fanninka ya shiga, da Chevening, wanda yake buƙatar shaidar aiki na shekara biyu da alkawarin dawowa gida na aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Idan hakan na nufin ka jinkirta tafiya ka yi aiki tukuna, ni ban ga asara a ciki ba.

Idan Allah ya kai ka, ka sani cewa taimako na halal yana nan da yawa, kuma kuɗinsa yana cikin abin da aka biya. Kowace jami'a tana da ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje, da masu koyar da salon rubutun ilimi, da masu ba da shawara ga wanda damuwa ta yi wa yawa, sannan akwai ƙungiyar UKCISA da ke bayyana wa ɗalibai dokokin biza. Mu mutane ne masu kunya da kawaici, kuma halaye ne masu kyau, amma a can wanda ya yi shiru ana ɗauka lafiyarsa ƙalau. Idan ba ka gane darasi ba, ko kuɗi ya makara, ko duhun hunturu da kaɗaici sun dame ka, domin a watan Disamba rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, ka je ka faɗa tun abin bai yi nisa ba. Ka koyi ƙa'idar ambaton marubucin da ka ɗauko maganarsa tun makon farko, domin kwafar rubutun wani ba tare da ambatonsa ba laifi ne da ke iya jawo kora. Ka yi rajista da likita da zarar ka sauka, ka kuma nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi domin jam'i da sanin inda ake samun abincin halal.

Ka turo mini sunayen jami'o'in da ka zaɓa da sharuɗɗan kowace kafin ƙarshen wata, mu duba tare, ni kuma na ɗauki nauyin kuɗin rajistar jarrabawar. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ilimi mai amfani, amin.

Wassalam,
Mahaifinka.