Baƙin wuyan ƙanwata ba dauɗa ba ne

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani ciwo da ke damun mata ana ta ɗora wa aljanu. Ƙanwata shekara 4 da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, al'adarta sai ta yi wata uku huɗu ba ta zo ba, ga gashi a haɓa tana tsigewa a ɓoye, bayan wuyanta kuma ya yi baƙi ƙirin. Mama ta sa ta dirza da soso har wajen ya saɓule, ƙawaye suka kawo man bilicin, dangin miji kuwa suka ce namijin dare ne, aka yi ta hayaƙi har kayanta suka koma warin habbatussauda, mu dai addu'a ba mu raina ta ba amma shiru.

Da muka je asibiti likitar mata wuyan nan ta fara dubawa, sannan ta tura mu sikanin da gwajin jini. Ashe PCOS ne, wato ciwon rikicewar sinadaran jikin mace da ke taɓa gidan ƙwai. Yadda likitar ta yi mana bayani, jikin ƙanwata ne ba ya jin insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka, to sai jikin ya yi ta ƙara zuba shi, yawansa kuma ya tunzura gidan ƙwai ya riƙa fitar da testosterone, sinadarin maza, hanta ma ta rage furotin ɗin da ke ɗaure shi. Shi ya sa gemun, shi ya sa kurajen fuska, ƙwai kuma ba ya nuna balle ya fito. Baƙin wuyan ma aikin insulin ɗin ne. Abin da ya fi ba ni tsoro, in an bar PCOS ɗin yana iya kai mace ga ciwon suga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa suna da shi, kuma har kashi 70 nasu ba su ma sani ba.

An ɗora ƙanwata kan metformin, maganin da ke taimaka wa jiki ya ji insulin, aka ce ta rage lemon kwalba da farar shinkafa, ta riƙa tattaki, wai ko kashi 5 zuwa 10 na nauyinta ta sauke za a ga canji. Ita da kafin biki har sha-ka-fashe aka ɗura mata wai amarya ta ciko, haba jama'a! Yanzu al'ada ta fara daidaita, likita ta ce in cikin bai zo ba akwai letrozole, maganin da ke sa ƙwai ya nuna ya fito.

Edita don Allah ku gayyato likitan mata a shafinku na lafiya ya yi bayanin nan da Hausa, kuma a sa ranar da maza suka fi sayen jarida.

Wata mai karatu,
daga Gusau