Dutsen Vesta ba abin tsoro ba ne, daga Kano ma ana iya hango shi

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi bayani a kan wani abu da ake yawan tsorata mutane da shi a WhatsApp, wato labarin cewa wani ƙaton dutse na tafe daga sama zai faɗo wa duniya. Duwatsun sararin samaniya iri-iri ne, kuma manyan cikinsu suna can tsakanin duniyoyin Mirrihu da Mushtari, wato Mars da Jupita, suna kewaya rana a kan hanyarsu. Wanda ya fi su haske shi ne Vesta, kuma ko a lokacin da ya fi matso mu, tsakaninmu da shi akwai kusan kilomita miliyan 170.

Wani likita ne a birnin Bremen na Jamus, Heinrich Olbers, ya gano shi ranar 29 ga Maris, 1807. Da rana ya duba marasa lafiya, da dare ya hau bene ya duba taurari. Kafin nan an gano uku: Ceres a 1801, Pallas a 1802, wanda shi ma Olbers ne ya gano, sai Juno a 1804. Zatonsa shi ne wata duniya ce ta tarwatse, waɗannan kuma ɓaraguzanta ne, don haka ya riƙa sa ido a wuraren da hanyoyinsu ke haɗuwa. Ya dace da Vesta, amma zaton nasa kuskure ne. Ko an tattara duwatsun yankin gaba ɗaya, ba su kai kashi 5 cikin 100 na nauyin wata ba. Ƙarfin jan Mushtari ne ya hana su haɗuwa su zama duniya tun farko. Bayan Vesta sai da aka shekara 38 kafin a sake gano wani.

Faɗin Vesta kusan kilomita 525 ne, ya ɗara nisan hanyar mota daga Kano zuwa Abuja. Ba mulmulalle ba ne kamar ƙwallo, ya fi kama da gurjin da aka danne: kilomita 573 ta wani gefen, 446 ta wani. Yana juyawa a kan kansa cikin awa 5 da minti 20, yana gama kewaya rana cikin shekara 3 da wata 7 da 'yan kwanaki. Ƙarfin jansa kuwa kusan ɗaya bisa 40 ne na namu, buhun shinkafa mai kilo 50 ba zai fi nauyin kilo ɗaya da 'yan kai a hannu ba.

Kumbon Dawn na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya kewaya shi daga Yulin 2011 zuwa Satumban 2012, kuma abin da ya fi ɗaukar hankali a hotunansa shi ne ramin da ke kudancinsa, Rheasilvia. Faɗin ramin kusan kilomita 500, wato kusan faɗin dutsen kansa, a tsakiyarsa kuma akwai tsauni mai tsawon kilomita 20 da ɗoriya, ya ninka Everest fiye da sau biyu. Wani dutsen ne ya yi karo da Vesta, ya watsa ɓaraguzai, wasunsu har suka iso duniyarmu. Wanda ya faɗo a Tataouine ta Tunisiya a 1931 yana cikin waɗanda masana ke dangantawa da Vesta. Kada a haɗa shi da namu na Zagami da ya faɗo a ƙasar Katsina a 1962, wannan daga Mirrihu ya fito.

To, ga yadda ake ganinsa. Kusan kowane wata 16 zuwa 17 duniya takan ratsa tsakaninsa da rana. A makonnin nan ne ya fi haske, yana fitowa da magariba, ya kai tsakiyar sama wajen tsakar dare. A sauke manhajar Stellarium a waya, a sa Kano a matsayin wuri, a rubuta Vesta, za ta nuna inda yake. Madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda aka rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinsa, ya wadatar. Wanda ya fi haka ƙarfi yakan sa hoton ya yi ta rawa a hannu, don haka gara ƙaramin, kuma a jingina gwiwar hannu a kan katanga ko rufin mota.

Abin da ke sa mutane su koma gida da cewa ba su ga komai ba guda ne: suna jiran su ga dutse. Ba za a ga dutse ba. Ɗigon haske ne kawai, ba a bambance shi da sauran ƙananan taurari. Dabarar ita ce ta Olbers ɗin nan. A ɗauki takarda da fensir, a zana duk taurarin da ke cikin madubin, manya da babban ɗigo, ƙanana da ƙarami. Bayan kwana biyu a dawo daidai wurin a sake zanawa. Taurari ba sa sauya zama a tsakaninsu, to ɗigon da ya gusa shi ne Vesta. A irin wannan lokaci yakan gusa kusan rabin faɗin wata a kowace rana. Abin da ya ratsa madubin cikin daƙiƙu kaɗan kuwa tauraron ɗan'adam ne ko jirgi.

Farin wata yana dushe shi, saboda haka a zaɓi duhun wata, daga wajen 26 ga watan Musulunci zuwa 4 ga mai kamawa. Hazon hunturu ya fi komai ɓata aiki, domin ƙura tana shanye hasken, sannan ta maido da hasken fitilun gari cikin ido. Sama ta fi tsabta a ƙarshen damina kafin hazo ya sauko, ko daren da ruwa ya ɗauke gajimare ya yaye. Hawa Dala ko Goron Dutse ba ya magance komai, tunda fitilu sun kewaye su. Sai an fita bayan gari, wajen Tiga ko Dambatta, a cikin jama'a kuma da sanin mutanen wurin. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma kallo ɗaya ga farin hasken waya yana mayar da shi baya, don haka a kunna jan haske na manhajar kafin a fara.

Malaman kimiyya na sakandare za su iya yin wannan da ɗalibansu na kwana, madubi ɗaya ya ishi aji guda, kowa da takardarsa.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Daga mai karatu a Gwale, cikin birnin Kano.